Muryar Da Ta Riga Lore Isa Bawku

A gidan Alhaji Sidiku Madugu na Salaga ba a faɗin ranar tafiya. Kuma ba yau aka fara ba. Kakanninsa fataken goro ne masu kora jakuna har Kano, a lokacin madugu kaɗai ke sanin ranar da ayari zai tashi, ko uwargida sai dai ta wayi gari ta ga turaku wayam. Goro ya wuce, doya da raguna suka maye gurbinsa, lore ta gaji jaki, amma dokar tana nan yadda aka bar ta. In ka tambayi ɗan gidan yaushe zai tafi, sai ya ce maka, “Muna nan,” ko da ƙafarsa ɗaya tana cikin mota.

To, a wannan gida Fatawu ya ga matar aure.

Direban lore ne, haifaffen zangon Bawku. Uwarsa Ayisha daga wani yare, ubansa daga wani, shi kuwa in aka tambaye shi asalinsa sai ya yi dariya ya ce Musulmi ne. A tasha wannan amsa ta wadatar. A zauren Madugu ko tabarma ba ta sa a shimfiɗa maka.

Yarinyar ita ce Suhaila, autar Alhaji, malamar firamare. Yadda suka haɗu ba shi ne abin ji ba. Abin da za a riƙe shi ne, muryarta Fatawu ya fara so kafin ya ga fuskarta, ranar da ta kira shi a kan saƙon doyar babanta. Daga nan wayarsa ta cika da saƙonnin muryarta. Sauran direbobi waƙa suke sawa a hanya, shi Suhaila yake kunnawa, tana ba shi labarin yaran ajinta ko tana masa faɗa a kan gudu. Har suna aka sa masa a tasha, wai Mai Rediyo, bai kuwa ji haushi ba.

Wadda ta ji haushi ita ce Gwaggo Rukaya, ƙanwar Alhaji, wadda ta riƙe Suhaila tun rasuwar uwarta. Tana da ɗa, Shamsudeen, mai shagon waya a Yendi, kuma tun yarinyar tana goye Gwaggo ta ƙudurta tuwona maina. Da maganar Fatawu ta fito, ta yi kuka, ta ƙaurace wa tuwon gidan, tana aikawa a sayo mata wake da shinkafa a ɓoye. Ta ce Salaga garin rijiyoyi ne, kowane ɗan asali ya san wadda kakansa ya haƙa, shi wannan wacce ce tasa? Ta ce ko Hausarsa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ta ce ita ta yi goyo, ta yi jinyar ƙyanda, yanzu za a ɗauki wahalarta a miƙa wa mai kwana a ƙarƙashin mota.

Suhaila ma kuka take yi, amma in ta share hawaye maganarta ɗaya ce, Fatawu take so.

Alhaji Sidiku ba mai yi wa ’ya’ya dole ba ne, ba kuma mai saurin cewa to ba ne. Ya bar matan suka yi ta fama har Layya ta ƙarato, sannan ya sa aka kira masa yaron.

Ya zaunar da shi a zaure, ga Ɗanlarai a gefe. Ɗanlarai tsoho ne, yaron gidan tun shi da Alhaji suna samari, shi ne mai sayo dabbobi, kuma a bakinsa ba a taɓa jin abin da ke cikin jakar gidan ba. Alhaji ya ajiye makullin koriyar lorensa a gaban Fatawu. Ya ce za a loda doya a kai Bawku, a juyo da ragunan Layya, Ɗanlarai zai riƙe abin saye, Fatawu zai riƙe sitiyari.

“Ban tambaye ka asali ba,” in ji Alhaji. “Asalin gidan nan abu ɗaya ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ranar tafiya kada ta fito daga bakinka, ko ga uwarka, ko ga Suhaila. Kada ka kira ta, kada ta kira ka, sai ka dawo. In ka dawo lafiya, ka turo manyanka da goro. In na ji ta fita daga gare ka, kada ka sake taka ƙofar nan.”

Fatawu ya ɗauki makulli da hannu biyu, ya ce ya ji.

Ya kuwa riƙe. Ko da Suhaila ta haɗu da shi a bakin kasuwa, kai kawai ya sunkuyar ya wuce, ta koma gida tana jin haushi tana kuma jin daɗi.

Sai dai akwai abin da mazan gidan Madugu ba su taɓa sawa a rai ba. Matan gidan sun fi kowa sanin ranar tafiya, domin su ke yin guzuri. Maigida ba ya cewa gobe za a tafi, cewa yake a soya zabi, a zuba gari a leda, a cika kwalbar soyayyen yajin nan shito. Uwar Suhaila ta soya, kakarta ta soya, kowacce ta gane, kowacce ta haɗiye. Wata ranar Litinin da azahar Alhaji ya leƙo madafi ya ce, “Auta, a soya zabi.” Shi ke nan.

Sauran kuwa ba sai an faɗa mata ba. Kowa ya san saboda dokar hana fita a Bawku ba a shiga garin da yamma, dole a kwana Yendi a yi sammako ta Nalerigu.

Tana soya zabin nan tana tuna labaran hanyar. An tare wannan, an harbi wancan. Ga waya a gefen murhu, ga lambarsa a kai, ba damar dannawa. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda bai taɓa kama ta ba, ta rasa inda za ta sauke shi.

Akwai guruf a waya na matan makarantar Asabar, inda suke karatun Alƙur’ani. Ba su da yawa, duk ’yan unguwa ne. A nan ake kawo mai naƙuda, da mai jarrabawa, da wanda ke kwance, a ce a sa shi a addu’a. Kuma al’adarsu ce ba a roƙa wa mutum a dunƙule, sai an ambaci sunansa da na uwarsa da abin da ke gabansa, wai addu’a ta san inda ta nufa. Suhaila ta goge mai a zaninta, ta danna, ta kai wayar bakinta.

“Salamu alaikum iyayena da ’yan’uwana. Suhaila ce ta gidan Madugu. Ina roƙon ku sa wani bawan Allah a addu’a, sunansa Fatawu ɗan Ayisha. Gobe bayan asuba zai tashi da kayan Baba, ya kwana Yendi, jibi ya bi ta Nalerigu zuwa Bawku sayen raguna, shi da Baba Ɗanlarai. Koriyar lore ce mai rubutun Allah Ba Ya Barci. Don Allah a bar maganar a tsakaninmu. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya.”

Ta tura. Kafin man ya huce, amin ta fara zubowa, wasu da murya, wasu da hoton tafin hannu. Zuciyarta ta yi sanyi, ta juye zabi a kwano.

Ni dai ban taɓa jin inda aka ce a bar magana a tsakaninmu a guruf aka kuma bar ta ba.

Gwaggo Rukaya, da ita ma take cikin guruf ɗin, ita ce ta fara fitar da muryar, kuma a faɗi gaskiya ba da mugunta ba. Fatawu dai ko oho, amma Ɗanlarai shi ya riƙa goya ta zuwa kasuwa tana yarinya. Ta tura wa guruf na Hajiyoyin Yendi, ta ƙara da cewa a taya su da addu’a. Wata Hajiya ta tura wa ’yan kasuwar doya. Wata ta tura wa dangin mijinta a Gushegu. Kowacce lada take nema, kowacce tana ganin ai ’yan’uwa ne. Kafin koriyar lore ta kashe inji a Yendi, muryar ta isa Bawku, ta shiga wayar Ayisha uwar Fatawu, wadda ɗanta bai gaya wa komai ba. Tsohuwa ta saurara, ta ce amin, ta jiƙa wake za ta yi masa tubani.

Ba ita kaɗai ta ji ba.

Da hantsin Laraba, bayan sun wuce Nalerigu, a inda hanya ta farfashe lore ke rarrafe, wasu mutane a kan babura suka fito daga ciyawa, fuskokinsu a naɗe. Motoci sun wuce a gabansu ba su kula ba. Ɗayansu ya tsaya ya karanta rubutun goshin lore, ya ciro waya, ya danna. Fatawu yana riƙe da sitiyari ya ji sallamar da ya fi sani a duniya tana fitowa daga hannun mai bindiga.

Aka sauke su, aka kwantar da su rubda ciki a gefen hanya. Aka tambayi Ɗanlarai inda ya ɓoye abin sayen raguna. Tsoho ya ce doya kawai suka ɗauko, ga ta nan, su ɗiba. Mutumin ya sake danna wayar, ya bari ta kai wurin da ta ce sayen raguna, ya tsayar.

“Tsoho, yarinya ta ce raguna. Kai ka fi ta sani?”

Ɗanlarai ya yi shiru irin na gidan Madugu. Aka harbe shi a cinya. Fatawu ya yunƙura zai kai gare shi, aka sare shi da adda a hannun dama, sannan da bakinsa ya gaya musu su ɗaga kujerar direba.

Suna cikin bincike, ƙaraminsu ya tsuguna a kan Fatawu da wayar, abin ya zame masa wasa. In ta ƙare ya sake dannawa. Duk inda ta ce Allah ya kai su lafiya, sai su haɗa baki su ce amin, suna dariya. Fatawu yana kwance bakinsa cike da ƙasa, yana kallon jinin Ɗanlarai yana bin tsagar hanya, muryar tana zuba a kunnensa. Suka kwashe abin da suka zo nema, suka haɗa da wayoyi, suka tafi. Doya ko ɗaya ba su taɓa ba.

Ɗanlarai bai kai asibiti ba. A Nalerigu aka yi masa sutura a ranar.

Alhaji ya sa aka dawo da Fatawu wani asibiti a Yendi, ya ɗauki Gwaggo da Suhaila suka je. Ya tsaya a kan gadon, ya yi masa sannu, ya tambayi hannun. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

“Wa ka gaya wa?”

Fatawu ya dubi rufin ɗaki. Ya ce, “Ni ne, Alhaji. A tashar Yendi na yi surutu.”

Alhaji bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, asibiti a wuyansa yake, in an sallame shi ya aiko da makulli. Ya kaɗe riga ya fita.

Suhaila ta matso bakin gadon. Ta ce, “Fatawu, sannu.” Kalma biyu kacal. Ta ga ya runtse ido, jikinsa ya ƙanƙame, ya juya fuska ga bango. Ta ɗauka kunya ce, ko ciwo. Gwaggo ta ja mayafinta suka fita.

Amma tun a nan Suhaila ta san ƙarya ya yi. Mutumin da ya wuce ta a bakin kasuwa bai ɗaga kai ba, shi ne zai je tasha ya yi surutu?

A gindin wata dalbejiya a harabar asibitin Shamsudeen ya same ta. Saurayi ne tsaf-tsaf, mai ƙamshi, mai magana a hankali, kuma ba wawa ba ne. Ya zauna nesa kaɗan, ya ciro wayarsa, ya nuna mata ba tare da ya kunna ba. Ya ce saƙonta ya shigo masa ta guruf har uku, kuma ɗaya daga ciki akwai lambobin da shi kansa bai san masu su ba, na Bawku, na Garu, har da na ƙetaren iyaka. Ya ce sana’arsa ce, ya sani, abin da ya fita daga waya ba ya dawowa.

Suhaila ta dafa kututturen bishiyar.

Ya ce ya riga ya goge na wayar uwarsa, ya roƙi masu guruf su goge nasu. Saura nata.

“Ki goge, Suhaila. Baba Ɗanlarai ba zai dawo ba ko kin faɗa. Kawu kuwa in ya ji daga cikin gidansa abin ya fito, daga bakin ’yarsa da hannun ƙanwarsa, ba zai ƙara ɗaga kai a kasuwar doya ba. Mma da ta haife ni kuwa tun shekaranjiya ko ruwa da ƙyar take sha. Ki tausaya musu.”

Ta ce, “Shi fa?”

“Shi ya zaɓa da kansa, ba wanda ya sa shi. Direba ne, zai sami wata motar, ya sami wani garin.”

Ta dube shi cikin hawaye ta ce in ta yi shiru ai ta san wanda zai amfana. Shamsudeen bai musa ba. Ya ce e, yana sonta, bai taɓa ɓoyewa ba, amma ta cire shi a ciki ta auna maganar, za ta ga gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito. Abin haushin shi ne, rabinta gaskiyar ce.

Suka koma Salaga. Gari ya ɗauka cewa yaron Bawku ya yi surutu ya jawo an kashe Ɗanlarai. Maza suna tofa albarkacin bakinsu a majalisa, ana cewa dama wa ya aiki Alhaji ya ba baƙo makulli. Mata kuwa tsit. Rabin matan unguwar sun ji muryar, sun ce amin, da yawa sun tura gaba, don haka kowacce ta ga da hannunta a ciki. Alhaji ba ya riƙe waya mai hoto, kuma babu mai ƙarfin halin tunkararsa. Ashe dai matan sun iya riƙe sirri, sai da aka yi gawa suka tuna.

Gwaggo Rukaya ta shigo ɗakin Suhaila ana gobe addu’ar bakwai, ta zauna a bakin katifa, ta rame har wuyanta ya fito. Wannan karon kukan na gaske ne. Ta ce kullum in ta rufe ido Ɗanlarai take gani yana miƙo mata rake. Ta ce ita ta tura, ita ta kai saƙon Yendi, Allah ya sani lada ta nema. Ta kama hannun Suhaila ta ce ta yafe mata maganar Shamsudeen, kada ta aure shi in ba ta so, ta auri duk wanda ta ga dama, amma don darajar goyon da ta yi mata kada ta bari Yaya ya ji.

Suhaila ta ce, “Gwaggo, wanda nake so shi ne ke ɗauke da kayanmu a kansa.”

Gwaggo ta ce ta sani. Ta ce Allah zai saka masa. Suka zauna suna kuka, kowacce da nata, har aka kira la’asar.

Ranar addu’ar bakwai zaure ya cika ya tumbatsa. Aka sauke Alƙur’ani, aka raba wainar masa da goro, malamai suka shafa suka watse. Sauran dattawan kasuwar doya kaɗan, abokan Alhaji, da Shamsudeen yana tattara kwanuka. A lokacin Fatawu ya yi sallama. An ce ya aiko da makulli, shi ya ga ya kawo da kansa. Hannunsa na dama a rataye a wuya, ya zube, rigarsa ta yi masa yawa. Ba wanda ya matsa masa wuri. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya yi ta’aziyya, ya ajiye makullin da hannun hagu, ya ce a yafe masa.

Alhaji ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai dube shi ba.

Fatawu yana shirin miƙewa labulen ƙofar cikin gida ya ɗaga. Mace ba ta shiga zauren Madugu in da maza, amma Suhaila ta shigo, ba ta ko yi sallama ba. Shamsudeen ya ajiye kwanukan ya kira sunanta a hankali. Ta wuce shi. Ta durƙusa a gaban ubanta, ta ajiye waya a kan tabarma kusa da makullin, ta danna.

“Salamu alaikum iyayena da ’yan’uwana. Suhaila ce ta gidan Madugu…”

Aka saurara har ƙarshe, da ranar, da Yendi, da Nalerigu, da koriyar lore. Ba wanda ya lura da Fatawu, wanda ya dafe ƙasa da hannunsa mai lafiya, gumi yana tsatstsafo masa. Da muryar ta kai Allah ya dawo da su lafiya, wani tsoho mai nauyin kunne a kusurwa, da bai gane abin da ake ciki ba, ya shafa fuska ya ce amin.

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya tambayi ’yarsa wa ya gaya mata ranar.

“Ba wanda ya gaya mini, Baba. Kai ka ce a soya zabi.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, “Uwarki ta soya. Kakarki ta soya.” Bai ƙara ba, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta ce ita ta yi, ita kaɗai, tsoro ne ya kama ta ta nemi addu’a. Ba ta ambaci Gwaggo ba, ko da yake daga bayan labule ana jin shessheƙar da ta isa shaida.

Alhaji ya juya ga Fatawu, karo na farko tun Yendi ya dube shi ido cikin ido. Ya tambaye shi ko ya san da wannan.

“A kunnena suka kunna shi, Alhaji.”

“To me ya sa ka yi mini ƙarya?”

“Ka ce in riƙe sirrin gidanka. Na ga wannan ma na gidanka ne.”

Dattawan suka sunkuyar da kai, har da waɗanda suka fi kowa zaƙewa a majalisa. Alhaji ya sa yatsa ya tura makullin har gaban gwiwar Fatawu. Ya ce shi ya gindaya sharaɗi a gaban Ɗanlarai, kuma Ɗanlarai ba ya nan balle ya warware. Ya ce yaro ya riƙe abin da ’yar gida ta kasa riƙewa, ya ɗauki makullinsa.

“Ka turo manyanka da goro. Na ba ka ita, in kana so.”

Suhaila ta ɗago kai. Duk kwanakin nan ba ta sa ran komai ba sai wanke sunansa, amma zuciya ba ta da kunya, nan take ta fara murna.

Fatawu bai taɓa makullin ba.

Ya ce ya gode. Ya ce Allah ya sani yana sonta, yau ma fiye da jiya, kuma bai riƙe ta da komai ba, addu’a ta roƙa masa, ba wanda ya taɓa roƙa masa irinta. Sauran maganar da ƙyar ta fito.

“Alhaji, sun tafi da wayata, duk muryarta tana ciki, kuma na gode Allah da suka tafi da ita. Da ta ce mini sannu a asibiti, ƙasa na ji a bakina. Yanzu ma da aka kunna, ƙafar Baba Ɗanlarai nake gani, ina jin suna cewa amin. Na yi ta gaya wa kaina ai Suhaila ce, kunnena ya ƙi yarda. Ban san yadda mutum zai zauna da mace yana tsoron ta yi magana ba. A ba ni lokaci. Ban san ko nawa ba.”

Alhaji ya dubi ’yarsa, ya dubi yaron, ya ga wannan ba ta cikin abin da madugu ke yankewa.

Fatawu ya miƙe da ƙyar, ya nufi ƙofa yana neman takalminsa da ƙafa. Suhaila tana da magana cike da ciki, ta haƙuri, ta alkawari, ta cewa za ta jira ko shekara nawa ne. Ta ja numfashi za ta kira sunansa. Jan numfashin kawai ya ji, ta ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya tsaya cak kamar mai jiran duka.

Sai ta rufe bakinta, ta bar shi ya sa takalmin.